Itatuwan Gawo a Gonar Babanmu

Daga Yakasai zuwa tasha

Ina sallame sallar asuba na ɗauki jakata na fito, ko shayi ban tsaya sha ba. Ruwan jiya na kwance a lungunmu na Yakasai, haka na tattare bakin zanena ina tsallake-tsallake har titi. Mai adaidaita sahun da na samu ya ƙare min kallo, ya faɗi kuɗin da ya ga dama. Na ce, "Ɗan nan, tasha za ka kai ni, ba Makka ba." Ya yi dariya ya rage.

Gonar babanmu ce ta fito da ni. Tana wani ƙauye gaba da Ɓaɓura, mu biyu muka gaje ta, ni da ƙanena Sule, kuma ba mu raba ba. Tun Baba yana da rai ya ba wani Malam Idi aronta, da kaka yakan aiko mana da abin da ya sawwaƙa. Shekaranjiya Sule ya faɗo min ɗaki yana huci, ya ce, "Yaya, mutumin nan ya cika gonar da itatuwa." Ko mu 'yan birni mun san mai aron gona ba ya dasa itace. Gero da wake na shekara ɗaya ne, a girbe a tashi, amma wanda ya dasa itace zama ya zo yi, gobe 'ya'yansa su ce gonar ubansu ce. Sule ya ce in yi waya kawai in ce a sare. Na ce sai idona ya gani.

Hanyar Kunya

Rana ta ɗan ɗaga kafin motar ta cika. Aka matse ni da wani dattijo mai buhun taki, wanda tun kafin mu fita gari ya fara: ina za ni, wajen wa, gidan su wa? Na ce, "Ziyara." A irin wannan tafiya ba na buɗe wa kowa cikina, wa ya sani ko surukin Malam Idi ne.

Bayan garin Kunya muka wuce wata gona, masara zalla iya ganinka, ko inuwar da akuya za ta fake babu. Direba ya ce, "Hajiya, aikin tarakta ke nan. Masu kuɗi ke saye gonaki suna haɗewa." Dattijon ya ce haka ya gani a Sudan zamanin da ya je aikatau, auduga kawai da magudanan ruwa, mutum ya wuni bai ga bishiya ba. Na yi kamar barci nake. A shingen da ke gaba jami'ai suka leƙa but ɗin motar, suka latsa buhun takin, suka ce mu wuce.

Ɓaɓura da ƙauye

A Ɓaɓura na sha fura a tsaye, na hau acaɓa. Hanyar yashi ce, sau biyu ina sauka ina takawa da ƙafa. Ban sanar da kowa zuwana ba, kuma ban bi ta gidan Malam Idi ba. Na ce a kai ni gonar kai tsaye.

Sule bai yi ƙarya ba. Ga gero ya fid da kai, ga wake yana yaɗo a ƙarƙashinsa, ga gyaɗa a gefe, kuma ga 'yan itatuwan gawo tsaye nan da can, wasu sun kai kafaɗata, wasu sun wuce ni. Raina ya ɓaci matuƙa. Malam Idi yana duƙe da fartanya, da ya ɗago ya gan ni sai ya yar da ita ya taho.

"Maraba da Hajiya. Ashe kina tafe? Ya hanya?"

Na amsa a daƙile, na ce, "Malam Idi, wa ya ba ka izinin dasa itace a gonar aro?"

"Wallahi Hajiya ban dasa ko ɗaya ba. Zo ki gani."

Ya tone gindin ɗaya da hannu, sai ga tsohon kututture baƙi ƙirin. Ya ce duk shekara lokacin sassabe sukan sare tohon da ya fito su ƙone. Da ya je cin kasuwa Magarya, can Nijar, ya ga mutanen wajen ba sa haka: sai su zaɓi toho ɗaya mai ƙarfi su bar shi, su rage sauran. Gawo da damina yake kaɗe ganyensa, ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma taki ne, ga shi kuɗin taki ya fi ƙarfin talaka.

Na ce, "Dasawa da bari, in ya girma ai duk itace ne."

Ya ce, "Haka ne. Ranar da Alhaji Sule ya zo da baƙin nan ya ce a sare, na ce ba zan sa gatari ba sai na ji daga bakinki."

"Waɗanne baƙi?"

"Mutum biyu, da mota mai tsayi. Sun zagaye gonar suna aunawa da waya. Suka ce tarakta ba za ta shiga ba sai an tumɓuke kututturan." Ya dube ni. "Na ɗauka kin sani, Hajiya."

Ban sani ba. Na zauna a kan kunyar gero ba tare da na shimfiɗa komai ba. Amma fa ban yarda da shi nan take ba, mai son riƙe gona yana iya ƙaga komai. A gidansa na kwana, matarsa ta yi min tuwon gero da miyar kuka. Muna ci na jefa mata tambaya kamar da wasa, ko suna yawan ganin baƙi. Ta ce, "Sai dai na ranar nan da ƙaninki ya kawo, har ruwa na aika musu."

Da safe na ja Malam Idi zuwa ƙofar mai gari. A gaban dattawa ya faɗa da bakinsa cewa gona da duk abin da ya tsiro a cikinta na 'ya'yan marigayi ne. Ni kuma na ce kada a taɓa ko reshe ɗaya, kuma duk wanda ya zo da maganar ciniki, ko ɗan ɗakinmu ne, a kira ni. Mai gari ya ce an shaida.

Komawa gida

Motar dawowa ta fi ta zuwa sarari, amma ban ga hanya ba. Sule nake ta gani, yaron da na goya, na wanke wa allo, na tsaya masa har ya yi aure. Bayan la'asar na sauka, na shigo ta Ƙofar Wambai cikin turmutsin 'yan dako, da ƙullin ɗanyar gyaɗa da matar Malam Idi ta ba ni.

A zaure na tarar da shi, ya miƙe da fara'a ya karɓi jakata.

"Sannu da hanya, Yaya. An sare?"

"Ba a sare ba," na ce. "Sule, su wane ne ka kai gonar Baba suka auna?"

Ya ajiye jakar a hankali, ya ce dama yana shirin gaya min.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Idi da iyalinsa. Gonar tana nan, ba ta tafi ba. Amma tun ranar, in Sule ya yi sallama ya ce "Yaya", sai na ji kaina ina sauraron abin da ke bayan gaisuwar, kuma wannan ya fi komai yi min ciwo.