Kunyar 'Yar Fari da Allurar Wata Tara

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni yarinya ce mai haihuwar fari, ina aure a Turba, kuma duk unguwa an san ni da kunya. Har yabona ake yi a kai, ni kuwa yabon yana yi mini daɗi. A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kawar da kai ta jira wani ya ɗaga shi. Ni na kai abin matuƙa. 'Yata ko kallonta ba na yi in akwai ido a wurin, sai mun shiga ɗaki nake sansanar kanta son raina.

A gidan iyayena a Isa na haife ta. Innata ce ke saɓa ta zuwa asibiti, ni ina biye kamar 'yar rakiya. Aka yi mata allurar kafaɗa mai barin tabo, daga baya aka yi na cinya. Malamar asibiti ta ja mana kunne, ta ce saura ta baƙon dauro, sai yarinya ta cika wata tara, kada mu kuskura mu manta. Da kunnena na ji, kuma na riƙe. Ba zan fake da rashin sani ba.

Sai fari ya sauko mana. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, rijiyoyi suka ja baya, mijina ya bi 'yan cin rani zuwa kudu. Dusa da ganyen tafasa muke ci, har nonona ya ƙafe. Uwar mijina tana zaune a Gatawa wajen babban ɗanta, tana da 'yan awaki da ba su daina ba da nono ba. Ta zo ta ga yarinya ta koma ƙashi da fata, ba ta tsaya shawara da kowa ba ta goye ta ta tafi. Watanta bakwai a lokacin. Na raka su bakin ƙofa, maganar allura tana bakina, amma matan gida suna tsaye, sai na haɗiye. Na ce wa raina ai akwai lokaci.

Da wata taran ya wuce na kasa sukuni, na ƙirƙiro gaisuwa na tafi Gatawa. Na tarar da yarinya ta murmure, tana rarrafe a tsakar gida. Ta kamo bakin zanena, na janye ƙafa, mata suka yi shewa suna cewa a zuba mini ido kada in saci kallo. Na yi dariya tare da su. Da muka keɓe da surukata na kewaya na kewaya, na ce na ji ana yi wa yara allura a Sabon Birni ran kasuwa. Ban ce 'yata ba, bakina ba zai iya ba. Tsohuwa ta ɗaga hannun rigar yarinya ta nuna mini tabon kafaɗa, sa'an nan ta nuna nata tabon na lambar agana da aka yi mata tun tana budurwa. Ta ce ita sau ɗaya aka yi mata ga ta har ta tsufa, ƙawarta ma, wato jikar, ga lambarta nan, don me za ta kai ta a sake huda ta cikin yunwar nan. Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ta sani ke nan. Kalma kaɗan ta rage gare ni, in ce Inna, wannan daban ce. Na sunkuyar da kai na ce haka ne.

Da bazara wani ɗan kasuwa mai kai kaya Nijar ya biyo ta gidanmu da saƙo, wai baƙon dauro ya sauka a Gatawa, kuma ya shiga gidan surukata. Na tarar an kulle yarinya a ɗaki mai duhu, jiki duk ƙuraje, idanu sun manne da ruwa. Yaran da suka ƙoshi ciwon yana kayar da su, balle wadda fari ya riga ya cinye. Da muka ga ba ta buɗe ido muka kai ta asibitin Sabon Birni. Malamin ya buɗe idon da yatsa, ya daɗe yana dubawa, ya tambaya ko an yi mata ta wata tara. Tsohuwa ta sake nuna tabo. Ya tambaya wace ce uwar. Wallahi ko a nan sai da na yi jim, ina jiran wani ya amsa a madadina. Da na ce ni ce, kuma na san ba a yi ba, surukata ta juyo ta dube ni. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Yarinya ta rayu, amma idon dama ya tafi, na hagu kuma inuwa kawai yake gani. Na gaji da ba da labarin nan a zuciyata. Na gaji da jin mutane suna cewa haka Allah ya ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, amma na san abin da aka gaya mini a Isa da abin da na ƙi faɗi a Gatawa. Ta girma tana saƙar faifai da laluben hannu, ta yi aure. Da ta samu ciki ni na riƙe hannunta zuwa allurar masu ciki, a nan na ƙara fahimtar cewa abin ba na rana ɗaya ba ne. Akwai ta jariri, akwai ta mai rarrafe, akwai ta mace mai ciki, har babba in ƙarfe ya sare shi akwai tasa.

Ba na zagin kunya, da ita aka raine mu. Amma ina roƙon duk wadda za ta ba da ɗanta riƙo, ko don yaye, ko don yunwa, ko don gudun hijirar da mutanenmu ke yi yanzu, ta buɗe baki ta faɗi abin da aka yi masa da abin da ya rage. Kakanni kuma ku tambaya, tabo ɗaya ba ya nufin an gama. In an yi miki dariya, dariya ba ta wuce yini.

'Yar tawa yanzu da kanta take goya ɗanta na fari zuwa asibiti, tana kiran sunansa a bainar jama'a. Da na gaya mata mata suna kallonta suna cewa ba ta da kunya, sai ta ce su yi ta kallo, ita ai ba ta ganinsu.