Ranar da Maharbi Ya Zo Ajinmu

A shekarata ta uku ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a Kurfi, muka iso darasin dabbobin da ke gab da ƙarewa a duniya. Littafin da ke hannuna cike yake da hotunan karkanda da dabbobin ƙasashen ƙanƙara. Na yi ta bayani har maƙogwarona ya bushe, yara kallona kawai suke yi. Sai na aje littafin na ce, "Wa ya taɓa ganin ungulu?"

Mutum biyu suka ɗaga hannu a duk ajin. Ni da na tashi a Dutsin-Ma, in aka aike ni kwata sayen nama, ta tsakiyar ungulaye nake ratsawa, ko gezau ba su yi. Ban ma san ranar da na daina ganinsu ba.

Na ba su aikin gida: kowa ya tambayi tsofaffin gidansu dabbar da suka sani a da, wadda yanzu babu ita.

Ran Litinin wata ɗaliba 'yar ƙauyen Ɗantutture ta ce, "Malam, kakana ya ce wannan ba maganar aike ba ce. Da kansa zai zo."

Ya zo ran Laraba, dogon tsoho, maharbi ne a zamaninsa. Na ba shi kujerata. Ya zaro wani ɗan baƙin ƙaho daga aljihu ya miƙa wa na gaba, aka yi ta zagayawa da shi.

"Na barewa ne," in ji shi. "Da can, daga garinmu har Kuki daji ne. In ka fita da hantsi sai ka gan su garke guda. Wannan ita kaɗai na tarar, wajen wani tafki da ya ƙafe yanzu. Na harbe ta. Da na feɗe ta, sai ga ɗa a cikinta. Na daɗe ina fita bayan nan. Ko sawu ban ƙara gani ba."

Wata yarinya daga baya ta ce, "Baba, ke nan ku kuka ƙarar da su?"

Na yunƙura zan tsawata mata, ya ɗaga mani hannu.

"Ƙyale ta, Malam, gaskiya ta tambaya. Da mu a ciki, jikata. Da masu gatari, da masu share daji su yi gona, ni ma na share. Ungulu kuwa, guba aka riƙa sa wa mushe don dila, su suka ci. Sauran aka kama aka sayar wa masu magani."

Aka kaɗa ƙararrawa, ba wanda ya motsa.

Da na raka shi bakin ƙofar makaranta, ya riƙe hannuna ya ce, "Ku da kuka yi karatu, akwai inda suka rage?"

Na ce akwai, can nesa, a gandun dajin da ake tsaro.

"Za su dawo nan?"

Na so in faranta mashi rai, amma na kasa. Na ce, "Baba, sai in dajin ya dawo."

Ya jinjina kai ya ce, "To, Allah Ya yafe mana."

Kafin a yanke gero a shekarar ya rasu. Na je gaisuwa da ɗalibai shida, muka zauna kan tabarma a ƙofar gidansa har la'asar.