Doyar da Iorwuese ya zana

Iorwuese mai zane ne a Makurɗi, kuma hannunsa na da kyau, wannan ba gardama. Idan ya zana akuya, sai ka ji kamar ka kore ta daga kan shanya. Amma ɗan manomin doya ne daga wani ƙauye bayan Zaki Biyam, kuma tun yana shekara goma sha huɗu ya jefar da fartanya ya bi motar birni. Ubansa, Baba Gbande, bai taɓa zaginsa ba. In aka tambaye shi me ɗansa ke yi, sai ya ce, "Yana can." Shekara talatin wannan amsar na cin Iorwuese.

Da aka ba shi aikin littafin yara mai hotuna kan yadda sakwara ke tasowa daga gona har akushi, ya ce to, ranarsa ta zo. Editar littafin ta ce ya leƙa gona ya gani. Ya yi dariya. "Ni? A cikin doya fa aka haife ni." Daga ka ya zana komai, aka buga, aka raba wa makarantu. A shafin farko ya sa sunan ubansa.

Ya kai littafin gida, ya tarar da tsohon a rumfar tsakar gida da maƙwabta, ya miƙa masa, ya ce sunansa na ciki. Baba Gbande ba ya karatu, amma idonsa garau. Ya buɗe a hankali, ya ga tulin ƙasa a jere, ya gyaɗa kai. Ya juya shafi, sai ya tsaya.

Wata maƙwabciya, Mama Mnguember, wadda bakinta ba ya ajiya, ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Ɗan birni, wannan doya ce ko rogo? Ƙasa doya, sama ganyen rogo. Ka ba ni iri mana, in huta da noma biyu."

Aka kwashe da dariya. Iorwuese ya duba. Wallahi ganyen rogo ne, mai yatsu, shafi bayan shafi. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa. Ko yaran da ke wasa a ƙasa sun fi shi sanin ganyen doya.

Tsohon ya rufe littafin, ya ɗora hannu a kai. "Ke Mnguember, me kika sani? Sabon iri ne na gwamnati. Na gan shi da idona a Makurɗi."

Kowa a wurin ya san Baba Gbande bai taɓa taka Makurɗi ba.

Da mutane suka watse, Iorwuese ya durƙusa. "Baba, zan gyara."

"Sunana na ciki, ka ce?"

"Yana ciki."

"Nuna min wurin."

Ya nuna masa. Tsohon ya daɗe yana shafa haruffan da babban yatsa, sannan ya tura littafin can ƙarƙashin tabarma.