Kunnen Malam Ɗahiru

Da an sallame sallar asuba, Malam Ɗahiru yakan jawo tabarmarsa zuwa soron gidansa na Ƙofar Mazugal, ya ajiye tsohuwar rikodarsa, ya ɗauko kaset ɗaya daga cikin kwali. Sai ya karkata kai, ya manna kunnen dama a jikin rikodar, domin na hagu ya daɗe da yin ritaya tun kafin mai shi. A da kaset shida yake saurara a wuni. Yanzu in ya gama biyu ya yi ƙoƙari.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da Hausa a makarantar sakandare. Abin da ya fi ci masa rai shi ne karin harshe, wato yadda Hausa take sauya kama daga gari zuwa gari. Hutu bai taɓa samun sa a gida ba. Yana Illela, yana Daura, yana Azare, yana ɗaukar muryoyin tsofaffi. Matarsa, marigayiya Yagana, takan ce da rikoda aka ɗaura masa aure, ita rakiya ta yi.

Malama Asibi, wadda yanzu take shugabantar wata firamare, ta taɓa zama ɗalibarsa. Daga Zariya iyayenta suka dawo. Wata rana a makaranta ta ce "jakan nan" maimakon "jakar nan", aji ya fashe da dariya. Ta ce har yau tana jin muryarsa: "Ku yi shiru. Takardar jarrabawa Kananci take so, to mu ba ta. Amma wannan ba kuskure ba ne, bakin mahaifiyarta ne."

'Yan kasuwar Ƙofar Wambai kuwa wani abin suke tunawa. Wata tsohuwa ta ɓace a kasuwar, tunaninta ya rikice, ba ta san sunan garinsu ba. Alhaji Garba mai atamfa ya aika a kira Malam. Ya zo ya zauna kusa da ita, ya yi ta jan ta da hira. Ta ce jikokinta "biyat", ta ce sun hana ta "zamna" waje saboda "sabro". Bai gaggauta ba, sai da ya tambaye ta sunayen kayan miya da na gona. Sannan ya miƙe ya ce, "Alhaji, a je tashar Sakkwato, a nemi direbobin da ke bin hanyar iyaka." Kafin la'asar an sami wanda ya san ɗanta.

Kai ne, Malam, mai kunnen da ya mayar da tsohuwa gida. Kai ne ka hana a yi wa yarinya dariya don ta yi magana irin ta uwarta. Ba wanda ya ba ka ko takardar yabo, kuma wallahi abin da ciwo.

Shekara uku da suka wuce rufin ɗakinsa ya yi yoyo da damina. Kaset ɗin sun tsira, amma takardun da ke jikinsu sun jiƙe, rubutun ya wanke. Kaset ɗari uku da 'yan kai, ba sunan mai magana, ba sunan gari. Duk duniya shi kaɗai zai ji murya ya ce wane ne, daga ina. Likita kuma ya gaya masa kunnen daman ma tafiya yake. Wasu mutane daga wata jami'a sun zo, sun sha shayi, sun ce za su dawo su kwafe komai a kwamfuta. Har yau ana jiran su. Ya gaji, gajiyar ana ganin ta a kafaɗarsa, amma ya rubuta wa ɗari da casa'in sabuwar takarda.

Makon jiya ya saka wani kaset, ya ƙure murya har maƙwabta suna ji. Muryar mace ce, tana dariya, tana cewa a kashe wannan abu abinci zai huce. Ya mayar baya sau uku. 'Yarsa Hafsat, wadda ta kawo masa ziyara da 'ya'yanta, ta fito daga cikin gida ta tsaya a bakin soro.

Ya ce, "Hafsatu, zo ki taya ni. Wannan kamar akwai Barno a harshenta, amma ba na kama ta. Mutuniyar ina ce?"

Ta ƙaraso cikin soron. Sannan ta durƙusa ta kai bakinta kusa da kunnensa. "Baba, Inna ce."

Bai yi kuka ba. Ya ɗauki biro ya rubuta Yagana. A layin da yake sa sunan gari ya rubuta: gidan nan. Ya miƙa hannu cikin kwali ya ɗauko na gaba.

Mun gode, Malam Ɗahiru. Allah ya saka maka, ya jiƙan Yagana. Saura kaset ɗari da ashirin, kunne kuma ba ya jira. Duk mai sauran ji da ɗan lokaci, musamman wanda ya taɓa zama a ajinsa, ya nufi soron nan ya zauna kusa da shi, ya maimaita masa abin da kaset yake faɗa. In kun je, ku ɗaga murya wajen sallama, kuma ku gaishe shi da bakin garinku.