Kifi Ya Gudu Da Sandar Oga

Jama'a, yau kifi ya yi min ƙwace, wallahi!

Gidan da nake gadi a bayan Agege akwai tafkin kifi. Oga yana da wata doguwar sandar kamun kifi, ƙugiyarta babu tana, sai koren zare kamar ciyawa. Wai kifayensa ciyawa suke ci kamar awaki. Ni ban taɓa yarda ba.

Yana fita da safe na ce wa Malam Idi mai ban ruwan fulawa, "Bari in gwada sau ɗaya."

Ya ce, "Sani, ka ajiye kayan mutane!"

Ban ji ba, na wurga. Zaren yana taɓa ruwa wani ƙaton baki ya haɗiye shi. Fizga ɗaya, sanda ta suɓuce min! Ga ta can tsakiyar tafki, kifin yana ta zagaye da ita. Malam Idi ya ce shi bai ga komai ba.

Yanzun nan Oga ya bugo waya: "Na taso daga Apapa, da baƙi zan zo mu kama kifi."

Don Allah wa ya iya iyo a cikinku? Ni ruwan bokiti kawai na sani!