Baban Saratu Bai Iso Ba Tukuna

Koko na dama da safen nan, da sauran geron da ya rage. An kwana biyu ba kasuwa, saboda rikicin da ake yi a Abidjan. A kur ɗinmu, wato gidan hayarmu na unguwar Bromakoté, kowa Musulmi ne sai mu, Kiristoci 'yan Dogonduci. Famfo ɗaya muke ɗiba da su, igiyar shanya ɗaya.

Maigidana Yohanna tela ne a kasuwar Roxy. Mutum ne mai tsoron baki. Yakan ce da magana Allah ya yi duniya, don haka abin da mutum ya furta ba ya faɗuwa ƙasa a banza. A ɗakinmu ba a cewa "na mutu", ko da wasa. Ni kuwa bakina ba birki. In miya ta ƙone na ce wayyo na mutu, sai ya ɗago kai ya ce, "Rahila, janye." Sai in janye, ina hararar sa.

Ya ɗora hannu a kan 'yarmu Saratu ya yi addu'ar safe da Hausa, kamar kullum. Ita a Abidjan aka haife ta, da Faransanci take yin tata addu'ar. Shi ko, duk daɗewarsa a garin nan, Faransancinsa bai wuce na awon wando da riga ba. Na sha yi masa tsiya a kai. Sai ya yi dariya ya ce da Hausa uwarsa ta koya masa magana da Allah.

Wajen ƙarfe tara ƙara ta farko ta taso daga unguwar Bracodi. Kwanonin da ke kan kanta suka zubo. Ba irin harbin da muka saba ji daga nesa ba ne, wannan har cikin haƙori ake jin sa. Kafin tsakar rana wani abu ya faɗo kan rufin maƙwabciyarmu Hajiya Zainabu. Kur ya cika da hayaƙi da kukan yara. Azahar ta yi, ba a kira salla ba. Wannan shirun ya fi ƙarar tsorata ni.

Yohanna ya ɗaura mini ƙunshin kaya. Ya ce yau a Treichville za mu kwana, gidan yayana Bitrus. Tunda shi ya faɗa, na yarda.

Ba gbaka, ba woro-woro, motocin haya duk sun ɓace. Da ƙafa muka fita. Roxy da ba a samun wurin sa ƙafa ta zama fili, sai takalma warwatse. An fasa ƙofar shagon Yohanna. Bai ko juya ba. A bakin kwata akwai wani mutum an rufe shi da kwali, ƙafafunsa a waje. Na ja fuskar Saratu cikin zanena.

La'asar ta kusa muka iso baraj, shingen da aka tare hanya da shi, gab da gadar shiga Treichville. Samari ne, da tayoyi da katako mai ƙusa, wasu da adduna, wasu da bindiga. Warin roba ya cika wurin, da wani warin da ba zan faɗa ba.

"Les hommes à gauche!"

Aka ware maza gefen hagu. Suka ga katinmu na Nijar. Saratu ta ɗaga murya ta ce mu Kiristoci ne. Wani dogo mai gicciye a wuya ya ɗora mata adda a kafaɗa.

"Prie!"

Ta karanto Addu'ar Ubangiji da Faransanci, da sauri, kamar a aji a lakwal. Na bi bayanta ina cin rabin kalmomin. Ya yi mana alama da addar mu wuce.

Sai ya juya kan Yohanna.

Yohanna ya durƙusa a kan kwalta. Ya rufe ido, kamar yadda yake yi a ɗaki. Ya fara, da Hausa, a hankali, ba ya tsallake ko kalma ɗaya. Wallahi da zan iya cusa masa nawa bakin da na yi. Ina kallon fuskar dogon nan tana canzawa.

"Dioula!"

Haka suke kiran duk ɗan arewa, Musulmi suke ɗaukar sa, abokin gaba. Gindin bindiga ya sauka a bayan wuyan Yohanna. Ya dafa ƙasa, ya ci gaba. Saratu tana kururuwa cewa addu'a ɗaya ce, ita ce dai wadda ta yi yanzu. Ba mai jin ta. Suka tunkuɗa mu gaba. Da suka ɗaga shi ya buɗe ido ya nemo ni.

"Rahila, ku tafi! Ina zuwa!"

Suka ja shi bayan wata kwantena.

Muna tsakiyar gada, ruwan lagun a ƙarƙashinmu, na ji harbi daga baya. Ranar ko'ina harbi ake yi. Maganar mutuwa ta zo mini har kan harshe. Na haɗiye ta. Sai na ce amin na addu'arsa, don bai kai wurin ba suka katse shi.

A Treichville muka kwana, kamar yadda ya faɗa. Ni da Saratu. Na zauna a ƙofar Bitrus ina duban hanya har ƙafafuna suka kumbura. Da gari ya lafa, Bitrus da mazan kur ɗinmu suka bi asibitoci da ɗakunan ajiye gawa. Ba su samo ko hularsa ba. Fasto ya zo sau da yawa kan a yi masa sujadar tunawa a majami'a. Kullum nakan ce a ɗan dakata.

Hajiya Zainabu ce ta sa aka ɗauko kekensa na ɗinki daga shago, ta ɓoye mana. Yana nan a kusurwa, ina sa masa mai. Saratu ta girma, ta yi aure, ta haihu. Ita da kanta ta ce in koya mata addu'ar da Hausa, da ita take kwantar da ɗanta yanzu. In yaron ya nuna keken ya tambayi na wane ne, ce masa muke na kakansa ne, bai iso ba tukuna.