Ƙofar Da Mutum Ɗaya Zai Iya Rufewa

Har gobe ranar da Abu Salihu ya ce in rage wa ƙofarsa nauyi ba ta fita daga raina ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan baya kuna ganin yadda nake tsare mai gida da tambayoyi kafin in kunna injin walda, har kuna ce mini ɗan jarida. To, ga inda na samo halin.

Lokacin na daɗe a Riyad, ina walda a wani ƙaramin kamfanin gini, ina kuma taɓa aikin kankare. A watannin ne ake ta jin ƙarar kakkaɓo makamai a sama, ko ina ka zauna maganar yaƙi ake yi. Wata safiya muhandis ɗinmu, wato injiniyan da ke kanmu, wani Basudane mai suna Usman, ya ɗauke ni zuwa wani tsohon gida a unguwar Shumaisi. A hanya ya ce mini mai gidan, Abu Salihu, yana son a mayar da ƙarƙashin gidansa mafaka, irin wadda ake shiga idan makamin nukiliya ya fashe, ƙurar gubarsa tana sauka. Na yi dariya, na ce masu hali ba sa rasa abin yi.

Da na ga mutumin sai dariyar ta tsaya. Tsoho ne tukuf, siriri, da sanda. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa duk sun tashi, sai wani mai dafa abinci da ke zuwa da safe ya tafi da la'asar. Gidan shiru, ban da kukan na'urar sanyaya ɗaki ba ka jin komai.

A ƙarƙashin daɓen ɗakin ajiya akwai wani sarari da aka bari don bututun ruwa, wanda ba ka shigarsa sai da rarrafe. Aikinmu shi ne mu ƙara masa zurfi ba tare da mun taɓa tushen gini ba, mu zuba kankare mai kauri, mu ja bututun iska mai matatar ƙura, mu sa fanka ta hannu, sannan ƙofa. Amma a wannan aiki ba a fara komai sai an san yawan mutanen da za su shiga, don da shi ake auna iska da ruwan sha da wurin zama.

Usman ya tambaye shi, “Ya ammi,” wato baffa, “mutum nawa?”

Tsohon bai faɗi adadi ba, sai ya hau lissafo sunaye yana lanƙwasa yatsu: Salihu da matarsa da 'ya'yansu, ɗansa na Dammam da nasa iyalin, 'yarsa ta Jidda, har jaririn da bai taɓa gani ba. Suka tashi mutum goma sha huɗu. Ya ba mu labarin yadda, a lokacin yaƙin Kuwaiti, shi da marigayiya suka tara yaran a ɗaki ɗaya a gidan nan, suka lilliƙe tagogi. Yana faɗa yana murmushi, kamar mai ba da labarin biki. Ya ce, “Duk a jikina suke barci a kwanakin nan.”

Ni aka bari da yawancin aikin, don sauran ma'aikata suna wani babban gini a arewacin gari. Na yi makonni a ramin nan ni kaɗai, ina haƙa a durƙushe, ina turo ƙasa a bokiti. Waya ba ta kamawa a ciki. Idan na kashe fitila don in huta, sai kaɗaici ya danne ni, in yi ta tunanin Gusau da 'yata Nafisa, wadda na bari tana tatata, ga shi har ta shiga sakandare. Da hantsi tsohon yakan jawo kujera bakin ramin, ya miƙo mini gahawa da dabino. Da farko “Muhammad” yake kirana, yadda suke kiran duk ma'aikacin da ba su san sunansa ba. Wata rana ya tambayi sunan babban ɗana, na ce mace ce, daga nan na koma Abu Nafisa, wato baban Nafisa.

Ƙofar ita ce ƙarshen aiki. Murfi ne na ƙarfe da aka cika cikinsa da kankare, a kwance a daɓe, ana jawo shi daga ƙasa a rufe. Tun muna kan zane Usman ya gaya wa tsohon cewa sai ƙarti biyu za su iya da ita, ya ce ko a sa mata sarƙa da wani nauyi a ɗaya gefen don ta yi sauƙi. Tsohon ya ɓata rai.

“Ina da 'ya'ya maza. Mafi mushkila, ba matsala, su za su ja ta.”

Muka yi yadda ya ce.

Da aka gama, ya sa ranar Juma'a don iyalinsa su zo a gwada. Ya ce lallai in zo in nuna musu yadda ake juya fanka. Aka yanka rago, aka cika faranti da shinkafa, aka shimfiɗa ledar cin abinci tun daga wannan bango har wancan. Bayan an sauko daga masallaci muka zauna jira. Na Dammam ya bugo waya ya ce aiki ya riƙe shi. Ta Jidda ta ce jaririn ba ya jin daɗi. Sai gab da la'asar Salihu ya shigo shi kaɗai, ya sumbaci goshin mahaifinsa, ya tsaya a bakin ramin ya leƙa, ko tsani bai taka ba.

“Yuba,” haka suke kiran uba, “wane irin wahalar da kai ne wannan? Na ce ka dawo wurina, ɗakinka yana nan a gyare. In wani abu ya faru, wa zai ratso gari da yara ya zo Shumaisi?”

Ba da rashin kunya ya faɗa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Tsohon ya tura masa faranti. Salihu ya ci loma kaɗan, ya ce yara suna jiransa, ya tafi.

Ina shirin sulalewa sai tsohon ya ce, “Yalla, Abu Nafisa, mu sauka.” Na riƙe shi har ƙasa. Ya bi bencinan da na ƙera wa iyalinsa da kallo, ɗaya bayan ɗaya. La'asar ta yi, muka yi sallah a ciki, ni a damansa, tunda mu biyu ne kawai, duk filin da ke bayanmu babu kowa. Da muka sallame ya tashi ya kama hannun ƙofar. Na matso zan taya shi, ya ɗaga mini hannu. Ya ja, ya sake ja, jijiyoyin wuyansa suka fito, ƙofa ko motsi. Ya zauna a kan tsani yana haki. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa.

Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Sarƙar nan da muhandis ya faɗa. Ka sa mata. Ka yi ta yadda mutum ɗaya zai iya rufewa.”

Na ce, “To, ya ammi. Bencinan fa, in rage su?”

Ya ce, “La, a'a, bar su.”

A satin na ɗaura sarƙar da nauyinta. Ya gwada da hannu ɗaya, ƙofar ta sauko a hankali ta rufe shi a ciki. Ina tsaye a sama, a gidan da babu kowa, har ya buɗe ya fito ya ce ta yi.

Abin da na koya shi ne, mai gida yakan faɗa maka mutanen da yake fata, kai kuma aikinka na wanda zai kasance a wurin ne. Shi ya sa ba na tsayawa a mutum nawa za su shiga, sai na tambayi wa zai rufe ƙofar. Kuma ba Larabawa kaɗai abin ya shafa ba. A lokacin ina ta ƙara ɗakuna a gidana na Gusau, ina cewa na yara ne, alhali yaran muryata kawai suka sani. Da na koma masauki ranar, na kira Nafisa. Muka gaisa, ta amsa da ladabi kamar tana gaida baƙo, sannan ta ce, “Baba, in kai wa Umma wayar?” Washegari na shiga ofishin kafili, uban gidana da ya ɗauko ni aiki, na nemi hutu.